Laba Ɗari Tara a Bututu na Shida

Duk wanda ya yi aiki a jiragen ƙarƙashin teku lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya san jirgin nan Ottery, in bai gan shi da idonsa ba to ya ji ana yi masa dariya a mashaya. Tun kafin a fara yaƙin ya tsufa. Injinansa na dizal biyu ne, ɗaya mai tari, ɗaya mai atishawa. A saman ruwa su ke tura shi suna cika batir, in ya nutse batir ya karɓi aiki, shi ma batirin ba ya nisa yake fara haki. Sau ɗaya tak ya taɓa harba tofido, bam ɗin nan mai gudu a cikin ruwa, kan jirgin abokan gaba, ya sami dutse, dutsen kuwa yana nan har yau bai ji komai ba. Ya yi jigilar kananzir da wasiƙu da madarar gwangwani zuwa Malta lokacin da aka yi mata ƙawanya. Da aka ga ƙarfinsa ya ƙare sai aka turo shi Durban, aikinsa ya nutse ya ɓuya, sababbin jiragen da ake koya wa farauta su neme shi. Shekara ɗaya da rabi ana kama shi kullum, ban da Lahadi.

A farkon shekarar 1944 takarda ta zo cewa ya koma gida Sikotlan a farfasa shi a sayar da ƙarfen. Babu wanda ya yi kuka. Mutum hamsin da huɗu ne a cikinsa, kowa lissafin ranar ganin iyalinsa yake yi.

Mutum ɗaya ne lissafinsa daban, Laftanar Alwyn Penrose, mataimakin kyaftin, wanda bisa al'ada ake kira Lamba Ɗaya. Dogo ne, siriri, mai ɗaurarriyar fuska, ko dankali aka shigo da shi sai an ɗora a sikeli ya rubuta. Ba mugunta ba ce, aikinsa ke nan. Jirgin da ke nutsewa dole nauyinsa ya yi daidai da na ruwan da ya ture, gaba kada ta rinjayi baya. Abin da aka shigo da shi, sai a zuƙe ruwa mai nauyinsa daga tanki. Abin da aka cinye ko aka ƙona, a ɗura ruwa a madadinsa. Penrose kuwa shekara uku yana wannan lissafi bai taɓa kuskuren galan goma ba, kuma ba ya bari a manta da haka.

Abin da yake so a duniya guda ne: a tura shi kwas ɗin da ake yi kafin a ba mutum jirgin kansa. Sau biyu ana tsallake sunansa, shekarunsa kuma sun kusa wuce iyakar da ake ɗauka. Ranar Juma'a, kwana ɗaya kafin su tashi, Kwamanda Stroud daga hedikwata zai shigo jirgin ya ga yadda ake nutsewa, abin da ya rubuta shi zai yanke maganar. In ya kuɓuce wannan karo, shi ke nan, zai ƙare yaƙi yana ƙirga barguna a sito.

Akwai kuma wani abu da kowa ya sani amma ba a faɗi. Ƙanensa Denis yana cikin jirgin Orlock, abokin tagwaicin Ottery, wanda ya fita daga Malta shekara biyu da suka wuce da mutum hamsin bai dawo ba. Penrose bai taɓa ambatar sunansa ba. Wani mai kula da inji ya taɓa yi masa ta'aziyya, ya sa shi goge ƙasan ɗakin batir kwana uku. Daga nan kowa ya kama bakinsa.

Ranar Talata da safe aka fita gwajin farko, an riga an yi lodin mai da ruwa da abincin tafiya. Penrose ya miƙa takardarsa yana ɗaga kai. Kyaftin Hallam, gajere mai tumbi wanda ba a raba shi da kofin shayi, ya ce a nutse. Aka busa ƙaho, aka buɗe tankuna, ruwa ya rufe su.

Da farko lafiya lau. Sai hancin jirgin ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, kamar tsohon da ya hango sule a ƙasa.

"Lamba Ɗaya," in ji kyaftin, "ina za mu?"

"Yanzu zai miƙe, ranka ya daɗe. A zuƙe tankin gaba!"

Bai miƙe ba. Duk abin da ba a ɗaure ba ya kama hanyar gaba: takalma, kwanoni, Kuku Maddock da tukunyar wake a rungume yana ihu a ba shi hanya. Can suka ji tim, hanci ya shige yashi a zurfin ƙafa casa'in. Shayin kyaftin ya ƙare a wandonsa.

Kyaftin ya dubi wandon, ya dubi Penrose.

"A wace makaranta ka koyi lissafi? Ina so in rubuta musu wasiƙar godiya."

"Lissafina daidai ne, ranka ya daɗe."

"To, teku ce ta yi kuskure ke nan. Sai ka gaya mata."

Da suka dawo tasha Penrose ya zauna da takardunsa har la'asar. Ya sake auna mai, ya sake auna ruwan sha, ya sa aka ƙirga buhunan dankali, har ya zargi kuku da ƙiba. Bai ga komai ba. Amma teku ba ta ƙarya, gaba ta yi nauyi da fiye da tan ɗaya. Sai ya yi abin da kowane Lamba Ɗaya zai yi: ya rage ruwan tankin gaba da daidai wannan nauyi, ya ce gobe a gani.

Abin da bai sani ba shi ne, a daidai lokacin, mutanen jirgin ma gyara suke yi. Mutum ya zo ya wuce shi da jaka a ƙarƙashin riga, ya ce "Gafara, yallaɓai," ya nufi baya. Wani ya biyo da bargo a naɗe, bargon na sa shi nishi. Penrose kansa na kan takarda, bai ɗaga ba. Kowannensu yana ganin shi kaɗai ya gano bakin zaren, kuma shi kaɗai yake taimakon Lamba Ɗaya a asirce. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ranar Laraba, a gaban jiragen koyon farauta huɗu da suka jeru suna jira, Ottery ya nutse da gindi. Hancinsa ya cilla sama ya fito fili, jar tsatsar cikinsa a waje, ya tsaya haka kusan minti guda kowa na kallo, sannan ya zame baya ya zauna daram a kan yashi. Kuku da tukunyarsa suka bi ta gaban kyaftin, wannan karon sun nufi ɗakin inji. Da suka taso, ɗaya daga cikin jiragen ya aiko da saƙon fitila yana tambaya ko wannan sabuwar dabarar ɓuya ce, don su ba a koya musu ba tukuna.

Kyaftin ya kira Penrose cikin ɗan akurkinsa, ya ja labule. Labule ne kawai, duk jirgin na ji.

"Jiya da ka, yau da gindi. Jibi Stroud zai zo, da me za mu gaishe shi, da haƙarƙari? Ka ji ni da kyau, Alwyn. Ni na ba da sunanka. Amma in ka zubar da ni a gaban mutumin nan, ko ubanka ne shugaban rundunar ruwa ba za ka ga kwas ɗin nan ba."

Penrose ya fito kunnuwansa sun yi ja. Ya ɗauki tocila ya fara bin jirgin daga baya zuwa gaba, yana neman inda ruwa ke shigowa, don ba shi da sauran zargi sai wannan. A ɗakin kwanan masu inji ya ga wani ɗan ruwa yana gangarowa daga ƙarƙashin gado. Ma'aikacin irin wannan jirgi in ya ga ɗigo ba ya tambayar kowa, yatsa yake sa wa ya kai baki: in gishiri ne, teku ce ke shigowa, in salam ne, gumin ƙarfe ne. Penrose ya dangwala ya lasa.

Ya tsaya. Ya sake dangwalawa.

An ce ruwa ba ya tsami banza, balle kuma zaƙi. Ya durƙusa ya janyo abin da ke ƙarƙashin gadon: buhun sukari, ya fashe a faɗuwar ɗazu ya jiƙe. Bayansa wani buhun. Bayan wannan, gwangwanayen man shanu a cikin safa.

"A kira min Gilroy!"

Gilroy shi ne shugaban matuƙa, dattijo mai furfura a gira, shekararsa ashirin da shida a ƙarƙashin ruwa, shi ne uwa shi ne uban duk wanda ba hafsa ba. Ya zo yana goge hannu da tsumma, ya ga buhun, ya yi fuskar mutumin da bai taɓa ganin sukari ba a rayuwarsa.

"Mene ne wannan, Baba Gilroy?"

"Kamar sukari, yallaɓai."

"Na san sukari ne! Na wane ne?"

"To… ai ka san yaran nan. Ɗan tsaraba ne. Kowa ɗan kaɗan."

"Kowa?"

"Ba kowa-kowa ba." Ya yi ɗan tunani. "Kai ba ka kawo ba."

Penrose ya zauna a bakin gadon. Gilroy ya ga an riga an yi, sai ya saki baki.

"Yallaɓai, ka ga wasiƙun da ake aiko mana. Matata da kati take karɓar sukari, abin mako guda bai cika kofin shayi ba. Ƙwai ɗaya a mako, in an samu. Jikata shekararta huɗu, aka nuna mata hoton lemo ta ce ƙwallo ne. Nan kuwa ka fita bayan gari rake ne har inda ido ya tsaya, a kasuwar Indiyawa har roƙonka ake ka saya. Mutum zai koma gida hannu na dukan cinya? Kowa ya ce nawa laba talatin ne, jirgi mai tan dubu ina zai ji?"

"Mutum hamsin da uku, laba talatin-talatin! Sannan jiya kuka kwashe kuka kai baya."

"Don mu taimake ka, yallaɓai."

"Kun taimake ni. Allah ya saka."

Hanya a buɗe take gare shi, kuma ya gan ta sarai. Taku goma ne zuwa labulen kyaftin. In ya faɗi abin da ya gani, sunansa zai wanku tas, a watsar da kayan a bakin tasha, a rage wa wasu igiya, a hana wasu hutu, shi kuma ya tafi kwas. Doka ma abin da ta ce ke nan, Penrose kuwa mutumin doka ne. Ya daɗe yana kallon yatsansa mai danƙo.

"Gobe da safe," ya ce, "kyaftin zai tafi hedikwata. Ka karɓo sikelin kuku ka kafa a ɗakin cin abinci. Kowa ya kawo abin da ya ɓoye, komai ƙanƙantarsa. Ba na son suna, nauyi nake so da inda za a ajiye. Wanda ya rage ko ƙwayar zabibi, na rantse da kaina zan jefa shi a teku, shi da zabibin."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Alhamis layi ya kama daga ɗakin cin abinci har ɗakin inji, Penrose na zaune da fensir, Gilroy na ɗorawa a sikeli yana faɗa. Sukari ya fi yawa, sai shayi, man shanu, sabulu, busasshen nama, zabibi. Kuku Maddock ya fito da cinyoyin naman alade huɗu daga bayan murhu.

"Kai da ke kukan ba ka da wurin ajiye albasa?"

"Ai shi ya sa babu wurin, yallaɓai."

Wani mai kula da tofido ya jawo keken ɗinki. Wani ya kawo giwar katako mai nauyin laba arba'in.

"Wannan ita ma ci za a yi?"

"Ta surukata ce, yallaɓai. Ta ce in kawo mata abin da zai riƙa tuna mata da ni."

"Ai kuwa ka dace," in ji wani daga bayan layi, aka kwashe da dariya.

Injiniyan jirgi, hafsa guda, wanda jiya ya fi kowa girgiza kai yana cewa lissafin matasan yanzu sai a hankali, ya zo yana kallon silin da akwati biyu na jam ɗin shafa wa burodi. Daga ƙarshe mai yi wa hafsoshi hidima ya shigo yana jan wata jakar fata da ƙyar.

"Ta wani bawan Allah ce da ba ya so a san shi."

A jikin jakar an buga harufan sunan Kyaftin Hallam da ruwan zinariya. Gilroy ya ɗora ta a sikeli bai ko yi murmushi ba.

"Laba saba'in da biyu, yallaɓai. Bawan Allahn nan ya fi kowa."

"A sa ta a tsakiyar jirgi," in ji Penrose. "Kuma a bi ta a hankali, kada a zubar masa da shayi."

Rabonsa da jin daɗi irin na wannan safiya har ya manta. Amma da ya tattara lissafin da rana, daɗin ya gushe. Faɗuwa biyu da suka yi sun nuna masa ainihin nauyin da ke cikin jirgin, abin da aka ɗora a sikeli kuwa bai kai ba. Saura laba ɗari tara, kuma a can gaba suke, ba su motsa ba tun Talata. Ya tara mutane ya tambaya. Waɗanda ɗazu ke ta ba'a suka sunkuyar da kai. Ya dubi Gilroy, Gilroy ya ce shi dai iyakar saninsa ke nan, ya faɗa yana kallon takalminsa.

Ran Penrose ya ɓaci ƙwarai. Ya rufa musu asiri, ya sa wuyansa a igiya dominsu, su kuma har yanzu suna yi masa rowar gaskiya. Zai iya zuƙe ruwan laba ɗari tara ya yi shiru, amma mutumin da ya shekara uku yana auna dankali ba ya nutsewa da abin da bai san ko mene ne ba.

Da sassafe ranar Juma'a, saura awa biyu Stroud ya iso, Penrose ya tafi ɗakin tofido shi kaɗai. Bututun harba tofido shida ne a hancin jirgin. Biyar ya san abin da ke cikinsu. Na shida tun Malta aka ce ƙofarsa ta waje ta lalace, aka rataya masa allo cewa kada a taɓa. Ya lura allon ya yi ƙura, amma hannun ƙofar yana ƙyalli da sabon mai. Ya buɗe ɗan famfon gwaji, ba ruwa. Ya murɗa hannun.

"Yallaɓai, da ka bari." Gilroy ne a bayansa, da mutum biyar ko shida sun cika ƙofa.

Penrose ya haska tocila. Ƙunshi ne jere har ƙarshen bututun, girmansu ɗaya, an ɗinke kowanne cikin tamfol da irin ɗinkin matuƙa, an rubuta suna da adireshi da baƙin fenti. Ya jawo na farko. Sunan wata mata ne a Gosport. Na biyu, wani dattijo a Dundee. Sunayen ba na mutanen jirginsa ba ne, amma ya san su, ya taɓa ganinsu a jere a takarda guda. A na bakwai ya ga an rubuta Uwargida Denis Penrose, da lambar gidan da shi da kansa ya taya su shiga da kaya a Plymouth.

"Hamsin ne," in ji Gilroy a hankali. "Laba goma sha takwas-takwas. Sukari, shayi, man shanu, da ɗan alewa inda akwai yara. Tare muka ci wuya da su a Malta, yallaɓai, gado ɗaya muke karɓa-karɓa a ramin dutsen da muke ɓuya in ana ruwan bam. Mu za mu koma da tsaraba, su wa zai kai wa nasu? Kowa ya sa abin da ya iya."

"Me ya sa ba ku gaya min ba?"

"Wanda ya yi maka ta'aziyya kwana uku ya yi yana goge ɗakin batir. Wanda ya ce zai kai wa matar ƙanenka sukari, ai sai dai a nemi gawarsa."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Penrose bai juyo ba. Ya riƙe ƙunshin a ƙirji, baƙin cikin da ya danne shekara biyu ya taso masa gaba ɗaya, ga kunya a kai, don shi da yake yayan mamacin ko ƙwayar alewa bai saya wa yaran ba, gudun kada ya tuna. Ya mayar da ƙunshin, ya rufe ƙofar, ya gyara allon. Da ya juyo idonsa ya yi ja.

"Ƙurar bututun nan ta yi yawa," ya ce. "Laba ɗari tara, bututu na shida. A zuƙe galan casa'in daga tankin gaba. Me kuke kallo? Ku ba ni hanya!"

Kwamanda Stroud ya iso ƙarfe tara, busasshen mutum mai ɗan littafi a aljihu. Ya riga ya ji labarin Talata da Laraba, don haka da aka busa ƙaho ya kama bututun ƙarfe da hannu biyu. Kuku ya ɗaure tukunyarsa da igiya. Kyaftin ya shanye shayinsa tukuna.

Ottery ya sauka kamar an ɗora shi a tafin hannu. A ƙafa sittin ya tsaya, ƙwayar iskar da ke cikin ma'auni tana tsakiya ba ta ko rawa. Penrose ya nemi izini ya kashe injinan batir gaba ɗaya, abin da ba kowane Lamba Ɗaya ke da ƙarfin halin yi ba. Aka kashe. Tsohon jirgin ya rataye a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa, minti ɗaya, biyu, biyar, ba ka jin komai sai numfashin mutane. Stroud ya saki bututun, ya ciro agogo yana dubawa.

"Ban taɓa ganin irin wannan a jirgi mai waɗannan shekaru ba," ya ce. Ya buɗe littafinsa. "Saura abu ɗaya, Laftanar. Wanda ya iya wannan, yaya aka yi ya kai jirgi ƙasa sau biyu a mako guda? In akwai dalilin da ba daga gare ka ba, faɗa min yanzu, in bincika, in cire shi daga takardarka. In kuwa babu, dole in rubuta yadda yake. Ka san ba a ba mutum jirgi in hannunsa yau daidai gobe akasi."

Gilroy na zaune a gaban sitiyarinsa, ya kafa masa ido. Kyaftin Hallam ya yi gyaran murya, fuskarsa ta yi jawur, don shi ma ba mutumin banza ba ne.

"Ranka ya daɗe, gaskiyar magana, akwai wata jaka…"

Penrose ya taka masa ƙafa. Ba a hankali ba. Kyaftin ya ce "Wash!" ya yi shiru.

"Kuskurena ne, ranka ya daɗe," in ji Penrose. "Na manta da wasu kaya a lissafi. Shekara biyu ina mantawa da su."

Stroud ya dube shi, ya dubi kyaftin da ke tsaye a ƙafa ɗaya, ya ɗan daɗe. Ko ya gane wani abu, bai faɗa ba. Ya rubuta layi biyu ya rufe littafin.

Penrose bai je kwas ba. In ka nemi tarihin Ottery a takardun rundunar, ba zai cika rabin shafi ba: inda aka ƙera shi, Malta, Durban, ya taɓa ƙasa sau biyu saboda sakacin mataimakin kyaftin, an farfasa shi a shekarar 1944. Ni mai ba ku labarin nan, wannan layin na sakaci har yau in na tuna shi raina ɓaci yake. Ba a rubuta cewa kwana arba'in da ɗaya suka yi a hanya, kullum da safe mutum hamsin da uku suna zuwa da kansu su gaya wa Lamba Ɗaya ko alewa ɗaya suka tsotsa ba. Ba a rubuta cewa kyaftin ya yi ɗingishi har Freetown bai tambayi dalili ba.

Da suka isa, aka raba ƙunshin hamsin, kowa ya ɗauki na hanyar garinsu. Gilroy ya miƙa wa Penrose na bakwai.

Matar Denis, Maureen, ta buɗe ƙofa ta ga Penrose tsaye da ƙunshi a kafaɗa, mutumin da ko wasiƙa bai rubuto mata ba tun rasuwar. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matsa ta ba shi hanya. A kan teburin kicin ya farke ɗinkin da wuƙarsa. Takardar sukarin ta ɗan yage a hanya, ya zubo a kan katako. Ƙaramar 'yar, wadda aka haifa bayan tafiyar ubanta, ta ɗago kai da ƙyar ta kai bakin teburin. Ba ta tambayi kowa ba. Ta sa yatsa ta dangwala ta kai baki, ta tsaya, ta sake dangwalawa.

"Haka ubanta yake yi da duk abin da ya gani a ƙasa," in ji Maureen. "Na yi faɗa har na gaji."

Penrose ya ja kujera ya zauna, ya ɗora yarinyar a cinya. Ya ɗan jijjiga ta yadda ya saba yi wa buhun dankali, ya ce laba ashirin da shida ce, da kaɗan. Sannan ya ce wa Maureen ta ɗora ruwan shayi, zai ba ta labarin Denis tun suna yara, mai tsawo ne.